Kyaftin Ya Ce Yana Riƙe

Litinin, 5 ga Agusta, da hantsi

Yau ma jan saƙon nan ne ya tare ni a kwamfuta. Wattlebill, kamfanin da muke tura wa abokan ciniki takardun kuɗin aiki ta manhajarsa, ya ce daga ƙarshen wata tsohon salo ya mutu, ko mu biya kuɗin sabo ko mu san inda dare ya yi mana. Kuɗin wata ya kusa ninkawa. Me aka ƙara? An sake launin maɓallai, an kuma sa wani abu da zai riƙa yi wa masu taurin biya tuni. Ni Glenys, tun kafin a haifi yaran da suka rubuta manhajar nan nake yi wa mutanen garinmu Bundaberg tuni, kuma kyauta nake yi.

Na faɗa wa Col. Yana ɗaure takalmi zai fita feshin gara, ko ɗagowa bai yi ba. "Ki biya mana, Glen." Tun da muka yi aure maganin kowace matsala ke nan a wurin mijina. Ai ba shi ke zama a ofis ba.

Abin haushin, ni ma ina da ɗan hannun jari a kamfanin. Ƙanena Warrick ne ya sa na saya. Wato ana yanke mini aljihun hagu, ana cewa in yi murna na dama zai yi nauyi.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi kuskuren kai kukana dandali.

Dandalin masu hannun jari da muke haɗuwa a intanet doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Kana iya ɓoye sunanka, kana iya zagi, kana iya shirga ƙarya a kan inda farashi zai kai. Amma a ƙasan kowane rubutu dole ka zaɓi ɗaya: *Ina riƙe*, ko *Ba na riƙe*. Don jama'a su san ko kana da hannun jarin da kake yabo, ko tura su rami kake kana tsaye a gefe. Ba mai bincike. Amana ce kawai.

Sunana a can Gara. Na rubuta cewa wannan ƙarin zalunci ne, kuma ƙananan 'yan kasuwa za su watse. Kafin shayina ya huce Kyaftin ya amsa. Kyaftin shi ne babban malamin shafin Wattlebill, in ya yi tari sai mutane su ce hikima ce. Ga abin da ya ce:

"Baiwar Allah, kukan nan naki shi ne ribarmu. Duk mai kuka zai biya, don ba wanda zai kwashe takardun shekaru ya koma wani wuri saboda kuɗin kofi. Ki share hawaye ki jira sakamakon kamfani ran 22 ga wata. *Ina riƙe.*"

Sai 'yan amshin shata suka taso. Wani Ɗan Bijimi ya ce a saya wa Gara hankici daga ribar bana. Wani ya ce in koma biro da takarda.

Kyaftin Warrick ne. Ni kaɗai na sani a dandalin, shi ma ya san ni ce Gara. Yaron da na goya, wanda bakinsa ya kasa furta Glenys har ya laƙaba mini Lenny, sunan da ba mai kirana da shi sai shi. Yau shi ke ce mini baiwar Allah a gaban duniya.

Laraba, 7 ga Agusta, da safe

Ban kira shi ba. Shi ya kamata ya kira.

Juma'a, 9 ga Agusta, da rana tsaka

Tevita maƙwabcinmu na tsallaken titi ya kawo mini rogo da gwaza daga lambunsa. Tun da ya bar aiki a masana'antar sukari ba shi da aiki sai lambu, coci da dandali. Ya san ni ce Gara, ni na koya masa shiga.

"'Yar'uwa, na ga abin da suka yi miki. Kada ki sa a rai, yara ne."

"Kyaftin ba yaro ba ne."

"A'a, shi kam mutumin kirki ne, bakinsa ne da kaifi." Sai ya zauna a kan matakala ya ba ni labari. Yana so ya kwashi iyalinsa su je ƙasarsu Tonga a watan Disamba, za a yi bikin buɗe dutsen tunawa da aka kafa a kabarin mahaifiyarsa. Da ya yi niyyar sayar da nasa hannun jarin yanzu ya sayi tikiti, amma Kyaftin ya ce duk wanda ya sayar kafin 22 ga wata zai ciji yatsa. "Mutumin da ya zuba nasa a ciki ba zai yaudare mu ba. Tare muke cikin kwale-kwale ɗaya."

Haushin Warrick nake ji, amma a kan wannan ban ga laifinsa ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, da yamma

Mun je cin abincin Lahadi gidan Warrick kamar kullum. Tun rasuwar Mama ba mu taɓa fasawa ba, ko muna faɗa. Shi kaɗai ya rage mini a dangi.

Ya tare ni da dariya. "Lenny! Kin zo da hankicin?" Na wuce shi kamar ban ji ba.

Jirgin kamun kifinsa ba ya rumfa. Ya ce yana wajen gyara. Matarsa Narelle ta ɗaura ɗankwali har goshi, ita da ba ta taɓa rufe gashin nan da take ji da shi ba. Ta ce sanyi. Ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi. Gobe za su sake zuwa Brisbane. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Ga abin da na zauna rubutawa. Muna wanke kwanuka ni da ita, na ce mijinta ya mayar da ni abin dariya a dandali. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ƙyale shi, Glen. Ni ban ma san me yake yi a can har yanzu ba, tun da ya sayar da na Wattlebill ɗin duka a watan Yuni."

Faranti ya kusa kuɓuce mini.

"Ya sayar?"

Ta dube ni, ta gane ta yi ɓaranɓarama. "Na ɗauka kin sani. Don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Tun watan Yuni! Kuma kullum sai ya rubuta *Ina riƙe*. A hanyar gida na zazzage wa Col komai. Ya tuƙa har muka wuce layin dogon da ake jigilar rake, sannan ya ce, "Kin kalli Narelle da kyau kuwa?" Na ce ba zancen Narelle nake yi ba. Ya ce ya sani.

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Daga Brisbane ma bai fasa ba. Dogon rubutu, wai in kashi kaza na abokan ciniki suka karɓi sabon salo riba za ta yi tsalle. *Ina riƙe.* A wane ɗaki yake zaune yana rubuta wannan, ban sani ba, ba na kuma son sani.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

Jan saƙon ya ƙara girma, yanzu sai na rufe shi sau biyu kafin in tura takarda ɗaya. Na kira kamfanin, wata murya mai zaƙi ta ce kirana yana da muhimmanci a gare su, ta bar ni da kiɗa har na gama shanya.

Na koma na karanta duk abin da Kyaftin ya rubuta tun Yuni. Ya ce wa wata mata da ke son sayarwa matsoraciya. Ya ce wa wani ya ƙara saye in farashi ya sauka. Duk da kalmomin nan biyu a ƙasa. Wanda ya fita daga rijiya yana ce wa na ciki ruwan da daɗi, me sunansa? Na san abin da ya faru. Ya hango kamfanin zai faɗi, ya zare jikinsa, ya bar su Tevita su tare masa. Wannan ne dalilin. Ba wani dalili.

Alhamis, 15 ga Agusta, da yamma

Na kira shi.

"Lenny, kin huce?"

"Ka sayar."

Ya ce, "Narelle ce ko?"

"Ba ruwanka da wanda ya faɗa. Kalma biyu zan roƙe ka. Ka sauya abin da ke ƙasan rubutunka, shi ke nan. Ka yabi kamfanin har ka gaji, amma ka ce ba ka riƙe."

"Abin da nake faɗa a kan kamfanin gaskiya ne. Sakamakon zai yi kyau."

"In zai yi kyau me ya sa ka gudu?"

"Ban gudu ba."

"To me ka yi? Tevita ya fasa sayen tikitin zuwa kabarin uwarsa saboda maganarka."

"Tevita zai gode mini. Ke dai ki fita harkata, Lenny. In na sauya yau, gobe mutum ɗari za su tambaye ni dalili."

"Sai ka faɗa musu dalilin!"

Ta bayansa na ji an buɗe famfo da ƙarfi, na ji wani sauti da ban so ji ba. Ya ce, "Ana nemana," ya kashe.

Ni ya kashe wa waya. Ni.

Juma'a, 16 ga Agusta, da safe

*Ina riƙe.* Har da ƙarin cewa akwai masu baƙin ciki da ke yawo a dandali, a yi hattara da su.

Asabar, 17 ga Agusta, da rana

Na yi ta gogar tayil ɗin kicin da ba shi da datti. Col ya ce in bari har bayan 22 ga wata. Na ce bayan 22 ai an riga an yanka Tevita. Ya ce, "Glen, kin tabbata don Tevita ne?" Na ce ya je ya nemi gararsa.

Lahadi, 18 ga Agusta, da yamma

Ba mu je ba. Na aika wa Narelle saƙo cewa kaina na ciwo. Ta amsa, "Allah ya sauwaƙe." Ita ke yi mini sannu.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na yi. Ga abin da na rubuta, don kada wata rana in ce ba haka na faɗa ba:

"Kyaftin ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sayar da duk hannun jarinsa na Wattlebill tun watan Yuni. In ƙarya nake ya fito ya ƙaryata ni. *Ina riƙe.*"

Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Litinin ɗin dai, da yamma

Tirƙashi. Mutanen da jiya suke lashe masa takalmi yau su ke neman kansa. Ɗan Bijimi, mai saya mini hankici, ya ce shi daman ya daɗe yana zarginsa. Munafuki. Wani ya ce a kai ƙara hukuma. Wani ya tono tsohon hoton jirgin da Warrick ya taɓa sawa, ya ce ya gane mashigar ruwan, ya san garin. Sun kira shi ɓarawo, sun kira shi abin da ba zan rubuta ba. Na ce ya yi ƙarya, ban ce a ci namansa ba.

Bai fito ba. Bai kira ba.

Tevita ya tsallako, hularsa a hannu. "'Yar'uwa, Warrick ne ashe? Warrick da muke gaisawa?" Na ce shi ne. Ya ce, "Kai. To na sayar ɗazu. Na gode da kika faɗa. Amma abin ya yi miki nauyi, na sani." Na ce ko kaɗan.

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

Shiru. Sun tafi Brisbane, na ji motarsu ta wuce ban ɗaga labule ba.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Ni ce na yi ƙarya? Ni ce na yi wa mutane rantsuwar banza wata biyu? To me ya sa ni ce ba na iya cin abinci?

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sakamako ya fito. Riba ta yi tsallen da ya ce za ta yi, har ta wuce. Kusan kowa ya biya kuɗin sabon salo, masu kukan ma sun biya. Da aka buɗe kasuwa farashi ya tashi sama kamar an sa masa wuta.

Dandali ya koma gidan biki. Ɗan Bijimi yana ta zuba hotunan kwalabe. Ba wanda ya tuna cewa kuɗin da suke rawa a kai daga aljihun masu gyaran famfo da masu aski da irina ya fito. Ba kuma wanda ya ce Kyaftin ya faɗa. Wani ma cewa ya yi, "Ɓarawon ya sayar da wuri, Allah ya kama shi."

Nawa ɗan hannun jarin ya yi nauyi. Ban taɓa jin ƙyamar kuɗi irin ta yau ba.

Tevita na hango yana ba gwazarsa ruwa. Na fita da niyyar in ba shi haƙuri, ya riga ni. "Haba 'yar'uwa, tikiti ya samu, Tonga za mu je. Abin da ya wuce haka ba rabona ba ne." Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Alhamis ɗin, da yamma

Kyaftin ya fito. Layi uku.

"Gara ta faɗi gaskiya, na sayar a Yuni, kuma na yi muku ƙarya. Akwai maganin da gwamnati ba ta biya, akwai ɗakin haya kusa da asibiti. Ku yafe mini, na bar dandali. *Ba na riƙe.*"

Sai ga su sun juya kamar fanka. Sannu Kyaftin, Allah ya ba da lafiya, wane ne ba lafiya, muna tare da kai. Ɗan Bijimi har da cewa a yi karo-karo. Wani ya ce ita wannan Garar wace irin 'yar'uwa ce.

Ina jin haushinsu duka. Ina jin haushin kamfanin da jan saƙonsa. Ina jin haushin Warrick fiye da kowa, don da ya buɗe baki ya faɗa mini ran Alhamis ɗin can da ba a kai nan ba. Col ya ce, "Sai an faɗa miki?" Na jefe shi da tsumman kwanuka.

Juma'a, 23 ga Agusta, da safe

Na kira. Bai ɗauka ba.

Asabar, 24 ga Agusta, da safe

Na kira. Na biya kuɗin sabon salo, jan saƙon ya ɓace, maɓallai sun koma kore. Manhajar ta ce tana taya ni murna.

Lahadi, 25 ga Agusta, da yamma

Na dafa miyar kabewa irin ta Mama na ɗauka na tafi ni kaɗai. Narelle ta buɗe ƙofa, babu ɗankwali, babu gashi, maganin ciwon daji ya zubar da shi. Ta ga ina kallo ta ce, "Na gaji da ɓoyewa, Glen, zafi yake mini." Na rungume ta, duk ƙashi. Ta nuna mini rumfa da haɓa.

Yana zaune a kan bokiti a daidai inda jirgin yake tsayawa a da. Har yanzu akwai shatin tayoyin keken da ake ɗora jirgin a ƙasa.

"Kin zo ki duba ko na sayar da gidan ma?"

"Na zo in ji me ya sa ba ka faɗa mini ba."

"Kin sani." Ko kallona bai yi ba. "Kin ga ɗankwalin. Kin ga ba jirgi. Kin ji ta a waya. Ke ba ki tambaya ba, ni ban faɗa ba, haka muke tun muna yara."

"Wannan bai ba ka damar yi wa mutane ƙarya ba."

"Bai ba ni ba. Na yi, kuma na amsa." Ya murza idonsa da bayan hannu. "A asibiti ni mijin mara lafiya ne. A shago kowa sai ya karya wuya ya ce ya jiki. A gida ina riƙe mata robar amai. Wuri ɗaya ya rage mini da ba wanda ya sani, inda zan shiga in yi surutun riba in zolayi yayata, a ce Kyaftin ya zo. Na san ba kyau. Amma shi kaɗai ne. Yanzu a can ma sannu suke mini."

Na shirya maganganu da yawa a mota. Duk suna nan, duk gaskiya ne, ko ɗaya ban iya fitarwa ba. Na ce, "Talata ni zan kai ta Brisbane, ka huta." Ya ɗaga kafaɗa. Miyar tana kan teburin kicin har na fito.

Talata, 27 ga Agusta, da sassafe, a mota

Narelle ta koma ciki ɗauko matashin kai, shi ya sa nake rubutu a kan sitiyari.

Warrick ya fito da jakarta ya sa a but ɗin mota. Ya duba tayoyina ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba. Ya leƙo ta taga ya ce in tsaya a Gympie, tana son shan shayi a can, kuma kada in bar ta ta ce ba ta gaji ba. Na ce to. Na jira.

Ya ɗan bubbuga rufin motar da tafin hannu ya ce, "Na gode, Glenys."

Glenys ya ce.